Kafin a Gama Gyaran Alau, Wa Zai Ƙirga Kifayen Ngadda?



Bayan ambaliyar da ta afka wa Maiduguri ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, an yi lissafin asara iri-iri. An ƙirga rayukan da aka rasa, Allah Ya jiƙansu da rahama. An ƙirga gidajen da suka rushe a Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin, da shagunan da ruwa ya shiga a Kasuwar Monday, da gadojin da suka lalace. Hatta dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi an yi lissafinsu, hukuma ta ce sama da kashi 80 cikin 100 sun mutu, aka kuma gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun fita gari. Sai dai akwai waɗanda ruwan nan ya bi ta tsakar gidansu tun kafin ya iso namu, ba a kuma ji an yi maganarsu ba. Su ne kifayen kogin Ngadda da na tafkin Alau.

Yanzu ana aikin sake gina madatsar, bayan gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 a farkon 2025. Aiki ne da kowa ke maraba da shi, domin ruwan shan birni da noman Jere duk a kansa suka dogara. Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: ya kamata a cikin aikin nan a ware ɗan abin da za a bi kogin tun daga Alau har fadamar Jere, a rubuta kowane irin kifi da ke cikinsa, babba da ƙarami, a san sunansa da inda yake hayayyafa. Duk abin da ba a rubuta ba, ranar da ya ɓace ba wanda zai iya cewa ya taɓa wanzuwa, balle a nemi wanda ya jawo ɓatansa.

Bari mu ɗan leƙa waje mu ga yadda wasu ke yi da nasu. A kowace shekara masana suna bayyana sababbin nau'o'in kifin ruwan daɗi sama da 200 a duniya, waɗanda da can ilimin kimiyya bai san da su ba. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙanana ne. Akwai wani dangi da masana ke kira Nemacheilidae, kifaye ne sirara da tsawon yawancinsu bai wuce ɗan yatsa ba, masu gashin baki guda shida, suna zama a ƙarƙashin tsakuwa a rafuka masu gudu. Nau'insu ya haura 600, kuma kusan duk shekara sai an ƙara wasu daga Indiya ko Sin ko Turkiyya ko Iran. Wani nau'in a rafi ɗaya tak ake samunsa, wani a cikin kogo ɗaya. Idan aka datse wannan rafin, ko aka kwashe tsakuwarsa don gini, shi ke nan an shafe shi daga doron ƙasa.

A Afirka wannan dangin sai a ƙasar Habasha aka san shi. An bayyana na farko a 1902 daga yankin tafkin Tana, sai a 2013 aka bayyana na biyu daga kudu maso yammacin ƙasar. Ku lura da tazarar: shekara 111 tsakanin na farko da na biyu. Kifin na biyu yana nan cikin ruwansa duk tsawon wannan lokacin, mai zuwa ya duba ne ya yi ƙaranci.

Mu a nan ba mu da wannan dangin, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kogunanmu na yashi da laka ne, suna cika da damina su janye da rani. Amma muna da namu 'yan ƙananan da labarinsu ya fi wancan ban mamaki. A 1928 wani masani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ya bayyana wani ɗan kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, wajen Katagum, wanda a yau masana ke kira Pronothobranchius kiyawensis. Ku duba ƙarshen sunan, Kiyawa ce a ciki. Har gobe duk masanin kifi a duniya da zai ambaci wannan halitta sai ya ambaci sunan garin Hausawa. Wannan kifi a kududdufin damina yake rayuwa, rayuwarsa duka 'yan watanni ce. Kafin ruwa ya ƙafe sai ya binne ƙwansa a cikin laka, iyayen su mutu, ƙwan ya kwana rani a busasshiyar ƙasa, da ruwan sama ya sauka sai ya ƙyanƙyashe. Ruwan yankin Katagum kuwa ta Komadugu Yobe yake bi ya faɗa tafkin Chadi, wato gidanmu ɗaya da shi. A 2013 ma an bayyana wani ɗan uwansa daga Jamhuriyar Nijar a matsayin sabon nau'i. Kududdufai irin waɗanda suke so kuwa ga su nan birjik a Jere da Konduga da Mafa duk damina, yara na wanka a ciki, ana kuma cike su da shara ko a yanka su filaye.

Wani zai ce ai an daɗe da sanin kifayen tafkin Chadi. Gaskiya ne an yi aiki. Babban littafin da ya tattara kifayen wannan yanki wani Bafaranshe ne mai suna Jacques Blache ya wallafa shi a 1964, shekarar da aka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi. Masana sun lissafa nau'in kifi kusan 180 a faɗin yankin baki ɗaya. Amma ku tuna wane tafki ne Blache ya gani. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya raba shi gida biyu, na shekarun 1980 kuma ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da. Da ruwa ya janye ya zama fadama mai ciyayi, kifayen da ke son buɗaɗɗen ruwa irin su kawara da tsage da giwan ruwa suka ja baya ƙwarai. Waɗanda ke jure ruwa mai ƙarancin iska, irin su tarwaɗa da karfasa da bargi, su suka mamaye. Duk dattijon da ya yi harkar banda a Baga kafin fari zai gaya muku cewa abin da ke cika kwando a wancan zamani daban yake da na yau. Lissafin 1964 hoto ne na wani gida da tuni aka sauya masa fasali.

Haka kuma malaman Jami'ar Maiduguri da ɗalibansu sun yi rubuce-rubuce kan kifayen tafkin Alau tun bayan kammala madatsar a 1986, kuma sun cancanci yabo. Sai dai irin wannan bincike yawanci a bakin gaɓa ake yinsa, a duba abin da masunta suka fito da shi a auna. Masunci kuwa abin da zai sayar yake kamawa. Ɗan kifin da bai kai yatsa ba, wanda ke zurarewa ta idon koma, ko wanda ke kududdufin da ba mai jefa birgi a ciki, da wuya ya shiga littafi ta wannan hanya. Ga shi kuma ɓallewar madatsar ta zurar da ruwan tafkin, ta kwashe laka da yashi ta sauya musu wuri, ta wanke shara da magudanai ta zuba a kogi. Duk inda ambaliya ta shafe tafkunan kiwon kifi, kifin kiwo na bin ruwa ya shiga kogi, ciki har da tarwaɗar da aka haɗa irinta da ramboshi, ya je ya cakuɗa da na daji. Ko da a ce an san komai kafin 2024, yanzu sai an sake dubawa.

Na san abin da ke ran wasunmu. Mutanen da ke fama da tsadar abinci, da 'yan gudun hijira, da gidajen da har yau ba a gama gyarawa ba, da hanyoyin da ba a bi sai da rakiya, ina su ina zancen kifin da bai cika cokali ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa.

Amsa ta farko, babban kifi ƙarami yake ci. Giwan ruwa da tsage da ragon ruwa da yauni ba tuwo ake tuƙa musu ba, ƙananan nan su ne abincinsu. Wanda ya share ƙananan ya rage abin da zai shiga kasuwar kifi ta hanyar Baga nan da 'yan shekaru, ko ya sani ko bai sani ba. Kasuwar nan kuwa ita ke ciyar da masunta da masu banda da dillalai da 'yan dako da direbobin da ke kai kaya har Onica da Legas.

Ta biyu, ƙananan kifaye su ne naman talaka. Uwar da ba ta da kuɗin tarwaɗa tana sayen busassun 'yan ƙanana na ɗan abin da ke hannunta, ta daka ta zuba a miyar kuka. Da yake ana cinye su har kai da ƙashi, sinadaran gina ƙashi da jini da yaro ke samu a cikinsu suna da yawa. A jihar da tamowa ke kwantar da yara duk damina, wannan ba abin wasa ba ne.

Ta uku, da yawa daga cikin 'yan kifayen kududdufi tsutsar sauro suke ci. Kududdufin da ke da kifi da wanda aka kashe kifinsa da guba ba ɗaya suke ba wajen haifar da sauro, mu kuwa mun san abin da zazzaɓin cizon sauro ke yi mana daga Agusta zuwa Oktoba.

Ta huɗu, kifi ma'aunin lafiyar ruwa ne. Idan wani nau'i da aka saba gani a ƙarƙashin gadar Fori ya daina bayyana a ƙarƙashin gadar Gwange, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke shiga kogin tsakanin wuraren biyu. Ruwan nan shi ake ban ruwan alayyahu da latas da tumatir da shi a bakin kogi, mu kuma mu saya mu ci. Kifin ya riga mu jin abin da ke cikin ruwan, amma gargaɗinsa ba zai amfane mu ba sai mun san wane ne ke nan jiya.

Matsalar kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. A Disamba 2023 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanar cewa cikin nau'o'in kifin ruwan daɗi 14,898 da ta tantance, 3,086 na cikin haɗari, wato kimanin ɗaya cikin biyar. Waɗannan su ne waɗanda aka sani har aka tantance. Wanda ba a ba shi suna ba ko cikin jerin masu haɗarin ba ya shiga.

To yaya ake ba kifi suna? Ba wani sihiri a ciki. Ana kamo 'yan samfura a rubuta rana da wurin da aka same su, a ɗauki hotonsu da ransu kafin launinsu ya dushe. A auna tsawo da faɗi, a ƙirga ƙayoyin baya da ɓawon jiki da gashin baki, a duba haƙora. Sai a gwada da samfuran da aka adana a baya. A zamanin yau ana yankar ɗan ƙaramin nama a duba ƙwayoyin halittarsa, domin sau da yawa kifi biyu kan yi kama a ido amma jininsu ya bambanta. Idan ya tabbata ba a taɓa bayyana shi ba, sai a rubuta bayaninsa a mujallar masana, a ba shi suna mai kalma biyu bisa tsarin da ake bi tun 1758, a kuma ajiye samfurin asali a inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani. Yawancin samfuran asali na kifayen ƙasarmu suna Landan da Paris da Balin da Beljiyam, domin can waɗanda suka tattara su suka kai su. Ɗalibinmu da ke son ya tabbatar da kifin da ya kamo a bayan gidansu sai ya nemi biza. Wannan ma abin gyarawa ne.

Masu yin aikin kuwa muna da su a cikin garin nan. Jami'ar Maiduguri na da sashen nazarin kifi. Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Baga, wadda rashin tsaro ya dawo da ita Maiduguri, na da malamai da ɗalibai. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa da za ta iya tallafawa. Sama da duka akwai tsofaffin masunta, Kanuri da Hausawa da Shuwa da Buduma, waɗanda rikici ya taso da yawansu daga bakin tafki ya zube su a unguwanninmu. Mutum ɗaya a cikinsu zai iya lissafa maka ƙurungu kala nawa ne, wanne ke fara hawa da ruwan fari, wanne ke ƙwai a cikin ciyawa. Ilimin nan a kansu yake, ba a takarda ba, kuma kullum muna binne su da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, mu kuma yi.

Na farko, Hukumar Raya Yankin Chadi mai kula da madatsar, tare da gwamnatin jihar Borno, su ɗauki nauyin bincike na shekara guda cur, damina da kaka da rani, a wuraren da tsaro ya ba da dama: tafkin Alau, cikin gari, mahaɗar Ngaddabul, fadamar Jere da kududdufan da ke kewaye. Kuɗin wannan aiki idan aka gwada shi da biliyan 80 bai kai cikin cokali ba.

Na biyu, a buɗe kundin sunaye. Kowane kifi a rubuta sunansa da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa a gefen sunan masana, da hotonsa. Wannan ƙungiyoyin al'umma za su iya farawa gobe ba sai sun jira kowa ba. Matashi mai waya ya zauna da dattijon masunci, ya ɗauki hoto, ya naɗi bayani, a miƙa wa malaman jami'a su tantance.

Na uku, a samar da ɗaki ɗaya a Maiduguri da za a adana samfuran kifayen yankin Chadi. Idan baƙon masani ya zo, maraba da shi, amma a yi aikin tare, kuma ya bar kaso a nan.

Na huɗu, injiniyoyin da ke gina madatsar su zauna da masana kifi tun kafin a gama. Yawancin kifayenmu da hawan ruwan damina suke bazuwa cikin fadama su yi ƙwai. Madatsar da ta tare ruwa ba tare da tsarin sakinsa a kan lokaci ba tana yanke wannan hanya. Maƙwabtanmu na Hadeja da Nguru sun ga haka bayan gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992: ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suka ɗanɗana kuɗarsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A tsara yadda za a riƙa sakin ruwa, a kuma duba hanyar da kifi zai bi ya hau ya sauka.

Na biyar, wannan namu ne ba na gwamnati ba. Masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, da masu kamu da gidan sauron da aka raba don kare yara, su ji tsoron Allah. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma ƙayyade idon raga. Amma dokar da ke Abuja ba ta tsaron kududdufi da dare. Bulama da lawani da sarkin ruwa su ne ke iya wannan. A Argungu, wurin da ake kira Matan Fada ana hana kamu a cikinsa har sai lokacin biki ya zo, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga shi. Kakanninmu sun san hutar da ruwa tun kafin a zo da takarda. A ware wasu gurabe a Ngadda da Alau da ba a taɓawa lokacin ƙwai.

Na shida, mu daina mayar da kogin juji. Leda da baƙin mai da ruwan wankin mota da na rini duk a cikinsa suke ƙarewa. Hukumar kare muhalli ta jiha na da nata aikin, amma hannun da ke zuba sharar daga gidajenmu yake fitowa. Masu ɗibar yashi kuma a ƙayyade musu wuri, a bar wasu sassan gaɓar yadda suke. Haka kududdufan bayan gari, kada a cike su duka. Bayan kifin da ke ciki, su ne ke shanye ruwan da in ya rasa wurin zama yake shigo mana ɗaki.

Hausawa na cewa gaiwa jikinta take ci. Idan ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta, ta yi watanni tana jiran damina. Halittun wannan yanki an gina su da jure fari da ambaliya, sun ga na 1973, sun ga na 1984, sun ga ruwan 1994 da na 2024. Abin da ba su da dabararsa shi ne guba, da kankare a kan lakar da suka binne ƙwansu, da kogin da aka hana shi hawa fadama.

Wanda ya san wani dattijon masunci a unguwarsu, ya je ya gaishe shi a makon nan, ya tambaye shi kifi nawa ya sani da suna, da kuma waɗanda ya daina gani. A rubuta abin da ya faɗa. Wanda ke da hanyar isa ga ɗan majalisa ko kwamishina ko shugabannin jami'a, ya kai musu wannan magana tun aikin Alau bai kammala ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya kiyaye mu daga maimaituwar abin da ya faru, Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya sa albarka a ruwanmu da abin da ke cikinsa.